Kamara huɗu sababbi fil, gida kuwa makaho

Laifina ɗaya ne, na bar mutumin da bai taɓa taka ƙofar gidana ba ya faɗa mini abin da gidana yake buƙata. Shekara shida ina da tsofaffin kamarori huɗu, masu igiya mai kauri irin ta eriya, suna shiga akwatin DVR, mai ajiye hotunansu, a ɗakina. Da dare hotonsu dishi-dishi ne, ba ka tantance fuska, amma dai kana ganin an shigo. Da satar babura ta yi yawa a unguwarmu na ce bari in sabunta. Na je wani butik kusa da kasuwar Dole, mai shagon ya jera mini kwali huɗu ya ce, "Alhaji, waɗannan ba ruwansu da waya. Ko kana Yamai kana kallon gidanka a salula." Na ƙirga masa jika 180, har da kuɗin aiki.

Wai ba ruwansu da waya! Ashe hoton ne kawai yake tafiya ta iska, kowace kamara sai an kai mata wutarta ta volt 12. Kayan kuma daga Kano suka fito, cajojinsu masu ƙafa uku ne irin na Najeriya, mu kuwa nan Damagaram ramuka biyu zagayayyu ne a bangonmu. Yaron da aka turo ya sayo 'yan mahaɗan nan na dala ɗari, ya cusa, ya ɗaure da leda. Kaza ma in ta gifta sai sun motsa.

Sai maganar kuran, wato wutar lantarki, wadda ita ta fi ƙona mini rai. Wa ye a garin nan bai san yadda wuta take yi mana a watan Afrilu da Mayu ba, lokacin da zafi ke wuce digiri 40? Wa ya manta 2023, da Najeriya ta katse layin da ke kawo mana wuta? Mutum yana sana'ar kamara a Zinder, amma bai tambaye ni ko ina da batir ko panon hasken rana ba. Ɓarawo ba ya zuwa lokacin da fitilar ƙofa take ci, duhu yake jira. Wuta na ɗaukewa kamarorin su mutu, akwatin intanet ya mutu, salulata ta rubuta mini cewa ba a kan layi suke ba. Daga baya wani ɗan ƙanena mai karatun lantarki ya yi mini lissafi a bayan kwali: kamara huɗu da akwatin intanet ba su kai watt 50 ba, batir ɗaya na volt 12 mai amfiya 100 ya isa ya raka su har asuba. Da an faɗa mini tun farko, ai da na sayi kamara uku na cika da batir.

Kafawar ma abin takaici. Katangarmu ta laka ce, shafen siminti kawai aka yi mata. Yaron ya huda ya sa 'yan robobin da suka zo cikin kwali, waɗanda aka yi don bulo. Iskar farko ta gabanin damina ta girgiza kamarar ƙofar baya, ta karkace ta koma tana leƙen tsakar gidan maƙwabcina. Dattijo ne, shekara ashirin muna sahu ɗaya a masallaci. Ya yi sallama bayan la'asar ya ce, "Alhaji, iyalina fa sun daina fitowa wanke-wanke." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ta zaure kuwa an manna ta dab da ƙasan kwano, da dare hasken infrared ɗinta, wanda take gani da shi a duhu, ya bugi kwanon ya dawo mata, sai fari fat kamar an shanya zane.

Rezo kuma kwana uku muka yi ana fama. Kamarorin ba su jin Wi-Fi sai na zangon 2.4 GHz, akwatin intanet ɗina kuma ya haɗe zangon 2.4 da na 5 ƙarƙashin suna ɗaya, yaron bai san ana raba su ba. Yana ta kashewa yana kunnawa yana cewa "rezo ne, Alhaji". Da aka samu suka kama, ta bakin gareji ta ƙi, don katanga biyu da ƙofar ƙarfe ne tsakaninta da akwatin. Tsohon DVR ɗina bai san da zamansu ba, shi igiyar eriya yake karɓa, su kuma NVR suke so, akwatin da ke karɓar hoto ta rezo. An ciro igiyoyina masu lafiya an nannaɗe a kusurwa, forfen intanet na wata kuwa ya ƙare a kwana tara saboda uwargida da yara kowa na leƙawa a salularsa.

Daren Talatar da ta wuce aka ɗauke wuta wajen ƙarfe ɗaya. Da asuba muka tarar an kwance ragon da nake kiwo don layya, igiyar ma ba a bar mini ba. Na ciro katin ajiyar kamara na duba. Hoto na ƙarshe, ƙarfe 12 da minti 58, rago na kwance yana tuƙa abinsa. Na gaba, ƙarfe biyar saura, turke.

Na kira mai butik sau bakwai. A na takwas ya ɗaga ya ce, "Haƙuri, Alhaji, ai sai ka ƙaro jika 60 mu sa maka batir." Na ce masa ran Litinin ina nan tafe da kwalayensa huɗu da rasit ɗinsa, kuma ya nemo yaronsa ya zo ya maida mini igiyoyina inda ya ciro su.