Rait ake cewa, Malam, ba Wiraigit ba

Jiya da daddare ina zaune wajen mai shayin bakin layinmu, rediyo a kunne ana shirin wasanni, sai na ji mai gabatarwa ya ce "Iyan Wiraigit". Har sau uku ya maimaita. Wallahi sai da na ajiye kofina a kan benci. Ian Wright fa! Mutumin da ya ci wa Arsenal ƙwallo 185, wanda ya karya tarihin Cliff Bastin na yawan ci wa kulob ɗin ƙwallo a 1997, kuma har yau ba ya ɓacewa a talabijin wajen sharhin ƙwallo. A ce mai shirin wasanni bai taɓa jin yadda ake kiran sunansa ba?

Rait ake cewa. Rait kawai. W ɗin farko ba a furta ta, g da h na tsakiya ma shiru suke. Shi ke nan.

Na san za ku cika min sashen sharhi da "ai ba yarenmu ba ne". Ku bar wannan zance. Ba dattijon da ke sauraro a shago nake zargi ba, wanda aka ba makirufo nake magana a kai, wanda yara dubbai ke kwaikwayon bakinsa. Minti ɗaya a YouTube ya ishe shi ya ji Turawan da kansu suna faɗa. Mu ɗin nan in Bature ya kira Kano "Keino" ranmu ɓaci yake yi, to me ya sa namu kuskuren zai zama ba komai?

Kuma sunan yana da asali mai kyau. A tsohon Turanci ma'anarsa mai sana'ar hannu, musamman mai aikin katako, kamar yadda mu ke da Maƙeri da Baduku. Shi ya sa ake da Cartwright, wato mai ƙera amalanke. Rait ne a can ma.

Su Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan da suka fara tashi da jirgin sama mai inji ranar 17 ga Disamba 1903 a Amurka, masu gyaran keke ne a garin Dayton. Tashin farko daƙiƙa 12 kacal ya yi. Shekarar ce kuma Turawa suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi, ga shi zuwa 1925 jirgi ya riga ya sauka a Kano. Ni dai tun da na san masu gyaran keke ne suka fara tashi da jirgi nake ganin darajar mai facin keken ƙofar gidanmu, har na daina yi masa ciniki.