Amurka ta dawwamar da rangwamen haraji da sunan talaka, ta yi watsi da binciken masana

Cikin dokar haraji da kashe kuɗi da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025, akwai sashen da bai samu surutu ba amma ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: an mayar da shirin Opportunity Zones, mai yi wa masu zuba jari a unguwannin matalauta rangwamen haraji, na dindindin. Shirin da aka ƙirƙiro a 2017 da sunan ceto unguwannin da talauci ya yi wa katutu, yanzu ya zauna daram. Abin takaicin shi ne, Amurka tana da mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin ainihin wannan matsala, kuma abin da ya gano ya saɓa wa kusan kowane ginshiƙi na shirin.

Sunansa Timothy Bartik, masanin tattalin arziki. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Wisconsin, ya koyar a Jami'ar Vanderbilt, sannan tun 1989 yake Cibiyar Upjohn mai binciken harkokin ayyukan yi da ke Kalamazoo a jihar Mishigan, yankin da ya ga rufewar masana'antu da idonsa. Littafinsa na 1991 tambaya ɗaya ya tasa a gaba: idan an kawo ayyuka gari, wa ke cin moriyarsu? A wancan lokacin ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne wanda masana tattalin arziki Olivier Blanchard da Lawrence Katz suka ƙarfafa a 1992, cewa idan yanki ya durƙushe mutane kan tattara su koma inda aiki yake, kasuwa ta daidaita kanta. Bartik ya dage cewa mutumin da ya samu aiki yau yakan samu ƙwarewa da sanayya da suke binsa shekaru, wanda ya rasa kuma yakan daɗe bai farfaɗo ba. Sai a 2013, da David Autor da David Dorn da Gordon Hanson suka bi diddigin garuruwan da kayan Sin masu araha suka kashe wa masana'antu, aka ga a fili cewa mutane ba su tashi ba. Suna nan inda suke, ba aiki, wasu sun koma karɓar tallafin naƙasa.

To a duba yadda Opportunity Zones yake aiki. Wanda ya sayar da hannun jari ko kadara ya ci riba, yana da kwana 180 ya zuba ribar a wani asusu na musamman. Za a jinkirta masa biyan haraji, idan kuma ya bar kuɗin shekara 10, duk sabuwar ribar da ya samu ba haraji a kanta. Gwamnoni suka zaɓi yankuna sama da 8,700. Babu sharaɗin ɗaukar ma'aikaci ko ɗaya, balle a ce ɗan unguwar. Mai kuɗi kuwa ba wawa ba ne: zai nemi unguwar da dama ta fara tashi, ya gina gidajen haya masu tsada ko otal. Haka aka yi. Mafi yawan kuɗin gine-gine suka tafi, kuma suka taru a wurare ƙalilan. Binciken Matthew Freedman da Shantanu Khanna da David Neumark bai ga wani canjin a-zo-a-gani ba a samun aikin mazauna yankunan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuskuren tun daga taswira yake. Kowane yanki a shirin ƙaramar gunduma ce ta ƙidayar jama'a, mai mutane dubu kaɗan. Amma kasuwar ƙwadago ba ta tsaya a bakin unguwa ba. Mutane kan fita aiki nesa da gida, wasu kuma su shigo. Ka kafa kamfani a unguwar matalauta, injiniyan da ke zaune a bayan gari ne zai tuƙo mota ya cike gurbin. Shi ya sa Bartik ya raba matsalar gida biyu. Idan dukan yankin ne ba ayyuka, sai a ƙirƙiro ayyuka. Idan kuwa birni na da ayyuka amma wata unguwa ba ta samu, maganin shi ne horo, da sufuri, da wurin rainon yara, da wanda zai haɗa mai nema da mai ɗauka.

Masu kare shirin suna nuna biliyoyin daloli da suka shiga asusun, kamar yawan siminti shi ne ma'aunin wanda ya samu albashi.

Lissafin Bartik kan rangwamen haraji da jihohi ke yi wa kamfanoni ya fi kowane tona asiri. Ya tattara binciken da aka yi, ya nuna cewa irin wannan rangwame shi ne yake sauya shawarar kamfani a kashi 2 zuwa 25 cikin ɗari na lokuta kawai. Sauran da ma can za su zo. Ɗauki gwamnan da ya yanke ƙyalle ya sanar da guraben aiki 100. A mafi kyawun zato, 25 ne rangwamen ya haifar. Cikin waɗannan ma, idan tafiya ta yi nisa, yawancinsu baƙin da suka ƙaura zuwa garin ne suke cikewa; abin da ke ƙara yawan 'yan gari masu aiki bai fi ɗaya cikin huɗu ko biyar ba. Mutum biyar ko shida ke nan, kafin a haɗa da ayyukan da ke tasowa a gefe. Kuɗin kuma daga aljihun makarantu da hanyoyi aka zaro su. Wanda ke shakka ya tuna Foxconn, kamfanin kayan lantarki na Taiwan, a jihar Wisconsin: a 2017 aka yi alƙawarin ayyuka 13,000 da tallafin jiha na kusan dala biliyan 3, aka tashi mutane daga gidajensu a Mount Pleasant, aka shimfiɗa tituna da bututun ruwa. A 2021 aka sake yarjejeniya a kan ayyuka 1,454.

Kada a ɗauka Bartik yana cewa a bar yankunan su mutu. Akasin haka, ya nuna cewa aiki ɗaya a inda zaman kashe wando ya yi yawa ya fi aiki ɗaya a birnin da ke bunƙasa amfani, domin akwai 'yan gari da ke jiran sa. Abin da yake so a biya shi ne horon da kwalejojin al'umma ke tsarawa daidai da buƙatar kamfani, da ƙwararrun da ke ba ƙananan masana'antu shawara, da gyaran filayen tsofaffin masana'antu. A ƙiyasinsa, kuɗin samar da aiki ɗaya ta wannan hanya bai kai sulusin na rangwamen haraji ba.

An ma gwada. Shirin Recompete na tallafa wa yankunan da ke fama da ƙarancin aiki, da ya fito cikin dokar CHIPS ta 2022 kan bunƙasa kimiyya da fasaha, ya ɗauki ma'aunin da ya dace, wato yawan 'yan shekara 25 zuwa 54 da suke da aiki, ba alƙaluman rashin aikin yi da ke mantawa da waɗanda suka gaji da nema ba. Nawa majalisa ta ba shi? Dala miliyan 200, wurare shida suka samu babban kaso. Wannan shi ya kamata a dawwamar a kuma ninka masa kuɗi, sannan a ɗaura wa kowane rangwame sharaɗin ɗaukar 'yan yanki, a ƙwace shi daga kamfanin da ya saɓa. Sabon zagayen Opportunity Zones zai fara a 2027, kuma har yanzu ba a tilasta wa mai zuba jari ya ɗauki ko mutum ɗaya daga unguwar da ya ci rangwame da sunanta ba.