Inshorar Tsufa a Amurka: Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa

Kamfanin inshora ya sake turo min wasiƙa, wai an ƙara kuɗin inshorar kulawa ta dogon lokaci da nake biya, kuma ƙarin ya kusa rabin na da. Ni sana'ata ke nan kula da tsofaffi: wanka, ɗauraya, juya mutum a gado kada bayansa ya yi gyambo. Na san abin da jinya ke ci a ƙasar nan, shi ya sa na ɗaure ciki na sayi inshorar tun da ƙarfina, don kada in zama kaya a wuyan 'ya'yana.

Na buga wa kamfanin waya. Bayan sun ƙosar da ni da kiɗan jira, wata yarinya da muryarta ba ta wuce ta sa'ar 'yata ba ta ɗauka, ta kira sunana gatsal. Na ce baiwar Allah, wannan ƙari na mene ne? Ta ce hukumar inshora ta jiha ta amince da shi. Na ce ai ba wanda ya amince na tambaya ba, dalili nake nema. Sai ta ja numfashi, irin na wadda aka tasa daga barci, ta karanto min zaɓi uku: in biya, in yarda a rage abin da za a ba ni ranar da na kwanta, ko in bari kawai. In bari! Kuɗin da na shekara da shekaru ina zubawa fa? Ta ce wannan shawara tawa ce.

Na danne zuciyata na ce mata, wanda ya sayar min ya rantse cewa gwamnati za ta rage min haraji a kai, ga shi ko sisi ban taɓa gani ba. Wallahi sai da na ji 'yar dariyarta. Ta ce su ba sa ba da shawarar haraji, in nemi akanta. Sannan ta tambaye ni ko akwai wani abin da za ta taimaka min da shi yau. Wani abin kuma? Sannu da aiki, ai kin gama taimako.

Rangwamen harajin nan romon baka ne. Dokar 1996 ta ce ana lissafa kuɗin wannan inshora cikin kuɗin magani, amma sai ka jera kuɗaɗen da ka kashe ɗaya bayan ɗaya a takardar haraji, kuma abin da ya haura kashi 7.5 cikin ɗari na kuɗin shigarka kaɗai ake cirewa. Sun kuma sa iyaka gwargwadon shekaru: a 2024 abin da za a lissafa wa mai shekara 51 zuwa 60 bai wuce dala 1,760 ba. Dokar haraji ta 2017 ta kusa ninka rangwamen bai-ɗaya, wato wanda ake ba wanda bai jera komai ba, har ya zama kusan mutum tara cikin goma ba sa jera komai. To wa ya rage? Mai kamfani da mai sana'ar kansa, waɗanda ba ruwansu da katangar kashi 7.5 ɗin, da masu akanta a aljihu. Mai albashi kuwa sai kallo.

Kada wani ya ce min ai akwai Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi. Medicare ba ta biyan mai yi maka wanka. Iyakarta kwana 100 na jinyar ƙwararru bayan ka kwanta asibiti. Medicaid, shirin lafiya na gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, ita ce ke biya, ita kuma sai ka tsiyace tukuna, a yawancin jihohi dukiyarka ta sauko kusan dala 2,000. Za su tono shekara biyar baya su ga ko ka ba ɗanka wani abu, kuma bayan ka mutu jiha na iya bin gidanka ta fanshe kuɗinta. Gwamnati ta tsaya tana jiran ka faɗi ƙasa warwas sannan ta miƙo hannu.

Jamus ta kafa inshorar kulawa ta dole tun 1995, Japan ta bi a 2000, inda a Japan ɗin kowa ke zubawa tun daga shekara 40. Nan kuwa 'yan majalisa sun saka shirin CLASS, wata inshorar kulawa ta gwamnati, cikin dokar lafiya ta 2010, gwamnati ta yi watsi da shi a 2011 ko mutum ɗaya bai amfana ba, aka soke shi a 2013, kowa ya kaɗe rigarsa. Jihar Washington ce ta yi ta maza, tana cire kashi 0.58 cikin ɗari na albashi, ta ce za ta ba mutum dala 36,500 tsawon rayuwarsa. A ƙasar da gidan jinyar tsofaffi ke cin sama da dala 100,000 a shekara, wannan ko wata biyar ba zai kai ka ba, kuma shi ne ake ta yi wa tafi.