Jan Tayil na Ingila da Daɓen Gida

Akwai wata ɗabi'a ta 'yan'uwanmu masu sayen tsofaffin gidaje a Birmingham da Manchester da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da an ɗaga tsohuwar ledar kicin aka tarar da jan tayil a ƙasa, ya yi baƙi da maiƙo, sai a kira leburori su fasa shi, ko a sake binne shi da sabuwar leda. A ganina asara ce babba.

Wannan tayil yumɓu ne zalla, an gasa shi a wutar da ta haura digiri 1,000, ba a yi masa rufin gilashi ba. Yawanci inci 6 ne kowane gefe. Tun zamanin Sarauniya Victoria ake shimfiɗa shi a kicin ɗin gidajen ma'aikata, kuma garin Ruabon da ke arewacin Wales ya yi suna wajen yin sa. Da yawa an ɗora su ne kan toka ko yashi, babu ledar hana danshi a ƙarƙashi. Laimar ƙasa tana bi ta jikin yumɓun ta fita.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake daɓe ya san wannan. Mata su baza tsakuwa, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, sannan a bi da ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Makuba tana shiga cikin ƙasar ta ƙarfafa ta, ta ba ta duhun launi, amma ba ta toshe ta. Iyayenmu mata ba su taɓa tunanin sau ɗaya ake yi a huta ba. Lokaci-lokaci ake sabuntawa. Abin da jan tayil ke nema ke nan, kuma shi ne abin da muke gudu.

Wankinsa haƙuri yake so fiye da kuɗi. Girkinmu na manja ne da man gyaɗa, kuma yumɓun da ba a shafe ba yana shan mai nan take. Sodar wanki a ruwan zafi ita ce maganin maiƙo: a zuba, a bar ta ta jiƙa kamar minti goma sha biyar, a dirje da burushi mai tauri. Za ka ga ruwan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ja na leƙowa daga tsakiyar tayil, gefuna na biyo baya. A kwashe dattin da tsumma kafin ya bushe, in ba haka ba ciki zai koma. Farin gishirin da ke fitowa kamar kanwa, danshi ne ya turo shi. A fara share shi a bushe, in ya ƙi, sai maganin wanki mai ɗan asid, a ɗauraye sosai. Kada a taɓa haɗa asid da bilic, hayaƙinsu guba ne. Idan kuma aka tarar da baƙin gam mai kama da kwalta, kada a kankare shi sai an gwada, domin wasu tsofaffin gam suna ɗauke da asbestos, wani ma'adini da ƙurarsa ke illata huhu, wanda sai a 1999 aka haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya.

Wurin shafawa ne aka fi yin ɓarna. Mutum yana son ƙasa ta yi walƙiya, sai ya malala mata banish ko fenti. Laima ta rasa hanya, bayan wata biyu ya fara fari-fari yana ɓarewa. Kafin a shafa komai, a bar ƙasar ta bushe kwanaki, a manna 'yar leda da salatif ta kwana. In an ga raɓa a ƙarƙashinta da safe, da saura. Sannan a nemi maganin da ke nutsewa cikin yumɓu ya bar iska ta fita. Mutanen zamanin da a nan Birtaniya man linsid (mai ne da ake matsewa daga 'ya'yan wata shuka) da kakin zuma suke shafawa, siriri-siriri, suna goge rarar. Mai bin wannan hanya ya jiƙa tsumman da ruwa bayan ya gama, don tsumman linsid da aka dunƙule yana iya kamawa da wuta da kansa.

Na yarda yana da sanyi a ƙafa lokacin hunturu, sai dai tabarma ko silifas sun isa. Abin da ya fi damuna shi ne a gida ma hanyar da muka bi ke nan. A Kano da Zariya an bar daɓe an koma siminti, daga nan zuwa tayil mai sheƙi, wanda ruwa kaɗan ke mayar da shi tarko ga tsofaffi da yara. Jan yumɓu bai kai shi santsi ba ko da ya jiƙe, kuma a kicin ɗin da ake wanke-wanke kullum wannan kaɗai ya isa dalilin barin sa a wurinsa.