A faɗa musu shekara 5 ne fa

Labarin nan naku da ke cewa matasa su rungumi karatun injiniyan ƙere-ƙere gaskiya ne wallahi, amma a faɗa musu shekara 5 ne ba 4 ba, kuma lissafi ne tun ranar farko har ka fita. Ƙanina yana aji 4 a jami'a yanzu, sai da ya je SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, na wata 6 a wata masana'anta a Ikeja sannan ya kunna injin sassaƙa ƙarfe da hannunsa, a makarantarsu kam sai allo da zane kawai. Ni dai duk Asabar daga Agege nake tura shi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, wajen wani bakanike ya ga yadda ake kwance giyabos, ya dawo duk baƙin mai, Hajiya tana ta faɗa.