Taku na bakwai

Mu da muka taso da finafinan Indiya mun sha ganin wurin nan: ango da amarya cikin rumfa, wuta na ci a tsakiya, an ƙulle bakin mayafinta da nasa. Kallon ado muke yi masa, muna jira a koma rawa. Ni ma haka nake, sai da wani hukuncin Kotun Ƙolin Indiya na watan Afrilun 2024 ya tsayar da ni.

Wasu matuƙa jirgin sama ne, mace da namiji, suka karɓo takardar aure har da rajista, amma ba a ɗaura musu bisa addini ba. Da rigima ta kai su gaban alƙalai, aka ce musu tun asali babu auren. Sashe na 7 na dokar auren Hindu ta 1955 ya ce, inda al'adar ma'aurata ta ƙunshi saptapadi, wato taku bakwai a gaban wuta, aure ba ya ƙulluwa sai ƙafa ta sauka a na bakwai.

A wurin mabiya addinin Hindu wutar nan Agni ce, wato abin bautarsu na wuta, ita ce shaida. Aure kuma ɗaya ne daga ibadu 16 da suke kira samskara, masu raka mutum tun yana ciki har ranar ƙona gawarsa. Uba ya ɗora hannun 'yarsa a kan na ango. Ɗan'uwanta ya cika mata tafi biyu da gasasshiyar shinkafa, ta zuba a wuta. A wasu gidajen amarya takan taka dutse domin ta kafu kamarsa, da dare kuma a nuna musu Dhruva, tauraron arewa da ba ya gusawa.

Takun ne suka fi taɓa ni. Kowane da abin da ake roƙo, kamar abinci, ƙarfi, arziki, kwanciyar hankali, zuri'a. Da aka zo na ƙarshe, wanda shi ke ɗaure komai, abin da ake nema abota ne. Ango ya ce mata ta zama aminiyarsa. Ku duba fa, an riga an roƙi dukiya da 'ya'ya, amma ba a kira su mata da miji ba sai da aka kai kan aminci!

Ni Musulmi ne, aƙidata daban, kuma ban rufe ido ga abin da ke ciwo ba. Tun 1961 Indiya ta haramta dukiyar da iyayen amarya ke biyan dangin ango, amma har gobe ana azabtar da mata a kanta, wasu ma a kashe su. Wannan ya fi ƙona min rai idan na tuna mai yin haka da ƙafarsa ya yi takun nan, ya riƙe hannunta a gaban abin da yake bauta wa, ya kira ta aminiya.