Gubar dalma a Zamfara: a fitar da injin niƙa daga cikin gari

Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamban 2024, zancen da ake ta yi na lasisi ne da kuɗin shiga da tsaro. Ba a cika jin mai tambayar inda za a niƙa dutsen zinaren ba, alhali nan ne ajalin yaran Anka da Bukkuyum ya fito a 2010.

Dutsen zinaren yankin nan a cakuɗe yake da dalma. Illarsa ba ta tashi sai an kwaso shi zuwa gida, an daka a turmi ko an zuba a injin niƙa a bushe. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, kan tabarma, kan hatsin da aka shanya. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, kuma jikinsa na ɗaukar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai ɗauka. Sai amai da ciwon ciki da jijjiga, iyaye su zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko iska. Yara kimanin 400 suka rasu a Dareta, Abare, Yargalma, Sunke da maƙwabtansu, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu sun tashi da raunin ƙwaƙwalwa da ba ya warkewa.

Magani akwai. Ana ba yaron da dalmar jininsa ta kai 45 a ma'aunin asibiti ƙwayar DMSA, ta fitar da gubar ta fitsari. Amma in zai koma ya yi wasa a ƙasar da ta sa masa cutar, ɗiban ruwa ne da kwando. Shi ya sa likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka dage sai an fara kankare ƙasar saman gidaje, kamar santimita 5, an binne ta nesa, an zuba sabuwa. Bagega, wani gari a yankin Anka, sai 2013 ta samu wannan aiki, saboda jinkirin sakin kuɗi.

Rigakafin ya fi araha nesa ba kusa ba. A keɓe wurin niƙa a bayan gari, nesa da rijiya da kududdufin da dabbobi ke sha. A jiƙa dutsen da ruwa kafin niƙa, ƙura ba za ta tashi ba. Mai aiki ya yi wanka ya canza tufafi a can, domin riga da takalmi su ke kai gubar ɗakin mai jego. Buhun da ya ɗauki dutse kada ya ɗauki gero, kuma kada a buga tubali da ragowar ƙasar wankin zinare. Ƙona zaiba, wadda ake ware zinare da ita, a ɗaki ko a madafa wata gubar ce daban, tururinta ake shaƙa.

Hani da ƙarfin bindiga ba ya raba talaka da ramin zinare, sai dai ya sa shi ɓoye injin a cikin gida, inda yara suke. Gara a bar shi ya yi a fili, a ba dagatai da hakimai ikon rufe duk injin da aka kafa a cikin gari, a kuma ajiye na'urar gwajin jini a asibitocin Anka da Bukkuyum, a riƙa auna 'yan ƙasa da shekara biyar akai-akai.